Injin da Baba Ya Ajiye Mini

Jiya ɗan Baba ya kira ni, da Larabci, wai in zo in kwashe kayana za su sayar da garejin. Shekara guda ke nan da rasuwar Baba, tsohon makanikenmu na unguwar Sultana.

Kayan nawa ƙaramin inji ne mai silinda huɗu, lulluɓe da buhu, da sunana rubuce da alli.

Lokacin da na yi odar motar tsere, irin wadda ake kawowa gunduwa-gunduwa ka haɗa da kanka, Baba ya kama gaban ƙarfenta ya ɗaga. Ya ce, "Dakta, abin da tsoho ya iya ɗagawa ba ya son babban inji." Ya samo wannan ƙaramin injin, ya tayar da shi, ya ɗora kofin shayinsa a kai yadda ya saba. Shayin ko girgiza bai yi ba, sai ƙanshin na'ana'a cikin warin mai.

Abokaina injiniyoyi suna tsaye suna murmushi. Na ce, "Baba, ba taksi nake haɗawa ba." Ya ɗauke kofinsa.

Na sa inji mai silinda shida. Kwanar farko a unguwar Al-Awali, nauyinsa ya kwashe ni na daki katangar gonar dabino. Kunya ta hana ni komawa wurinsa, har aka sallace shi.

Ɗan ya ce har Baba ya rasu, duk sati sai ya tayar da injin, yana cewa Dakta zai zo.

Ka jira ni ban zo ba, Baba. Allah Ya sa kai ba a bar ka kana jira a ƙofar Aljanna ba.