Kurciyoyin Lambun Inna

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ya haukace da saye-saye. Abokan koyarwata a Baure duk babur suka saya. Ni kuwa na tafi Kano na dawo da kyamara, aka yi ta yi mini dariya. Ban gaya wa kowa dalili ba. Inna ce ta fara rama tun damina, tari ya ƙi sakinta, kuma a duniya ba ta da hoto ko ɗaya.

Matsalar, ni ne ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni sosai ba. In na shigo gaisuwa sai ta kawar da kai ta amsa wa bango. In tana son ba ni tuwo, sai ta ce, "A ce wa wancan abincinsa na hucewa," alhali ina tsaye a gabanta. To wa zai ce wa irin wannan uwa ta tsaya ta kalle shi ya ɗauke ta hoto?

Sai na yi dabara. A bayan gidanmu na Daura akwai ɗan lambu, lemun tsami biyu da zogale da yakuwa. Kullum da hantsi takan fita ta watsa tsaki, kurciyoyi su sauko, masu baƙin layin nan a bayan wuya. Sun saba da ita har kan ƙafarta suke tsattsaga. Na ce su nake ɗauka.

Duk ranar da na zo hutu sai in tsuguna gindin lemo. Na san su ɗaya bayan ɗaya: akwai gurguwa, akwai wani mugun namiji da ba ya barin kowa ya ci, sai ya kumbura wuya yana bin mace yana rusunawa. Inna takan yi masa faɗa kamar mutum. Amma da na ɗaga kyamara, sai ta ja mayafi ta juya.

"Kai da tsuntsayenka," ta ce wa bishiyar zogale, "sai ka kore su da wannan ƙyas-ƙyas ɗin."

Wata huɗu ina wannan aiki. Na aika fim Kano a wanko, kafin ya dawo Inna ta rasu.

Bayan sadakar bakwai direban da na ba fim ɗin ya kawo ambulan ɗin hotunan. Na buɗe a lambun, ƙanwata da ke aure a Sandamu tana gefena. Kurciyoyi sun fito tar, har jan idonsu. Inna kuwa, ga bayanta, ga gefen zane, ga hannu da ƙwaryar tsaki. Fuska babu ko a ɗaya. Wallahi ji na yi kamar in buga kyamarar da ƙasa.

Ƙanwata ta daɗe tana juya hotunan tana kuka. Can ta ce, "Yaya, dama Inna kake son ɗauka?"

Na ce eh.

"Haba Yaya! Ai da ni ka miƙa wa. Ni ba ta jin kunyata. Da har ɗankwali za ta gyara."