Bugu huɗu a ƙarfen gadon Baba

Shekarun baya, mahaifina yana koyar da lissafi a wata sakandare a Faskari, kuma har gida yake zuwa da aikinsa. Da kwali ya haɗa wata siffa mai fuska goma sha biyu ya ajiye a ɗakinsa, ya ɗora mini karatun kalmar da ke siffanta ta: dodecahedral. Ya ce asalinta Girkanci ne, dodeka sha biyu, hedra kuma mazauni.

Yadda yake koyarwa shi ne ya bugi ƙarfen gadonsa da zobensa, kowace gaɓa bugu ɗaya: do, de, ka, hi. Ta huɗun ya fi ƙarfafawa, don nan murya ke sauka. Sai ya tsaya, ni in cika ta biyar. Ni kuwa harshena na Bahaushiya bai san "dral" ba, kullum "daral" nake cewa. Sai ya yi bugu biyu a jere, ma'ana sake. Har na yi aure a Sabuwa ban daina shan bugu biyun nan ba.

Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, hannu ba ya motsi, baki ba ya magana. Aka ce mana ba ya gane kowa. Wannan maganar ta fi ciwon kansa ci mini rai, don ina so in san ko Baba yana ciki har yanzu.

Wata ranar bayan azahar, gidan tsit, muna zaune a ɗakinsa ni da mahaifiyata, sai ƙarfen gadon ya yi ƙara. Uku a hankali, ta huɗu da ƙarfi. Shiru. Sai aka sake.

Mahaifiyata ta kama zanena. "Ke, mi ke bugun nan? Hannuwan Malam fa suna cikin bargo."

Na ɗaga bargon. Suna nan a miƙe yadda muka ajiye su. Zoben ma tun a asibiti aka cire, yana cikin kwanon sha kan taga. Ina tsaye a haka aka sake huɗun.

Na ce, "Daral."

Bugu biyu a jere.

Hawaye na ji ya zo mini, ba ihu ba. Na ce, "Dral, Baba."

Ba a ƙara bugawa ba. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ban san abin da ya bugi ƙarfen nan ba, mahaifiyata kuwa ba ta yarda a tayar da zancen. Na dai daina cewa marar lafiya ba ya ji. Yanzu ni ma lissafi nake koyarwa, kuma haka nake raba wa ɗalibaina kalmar a kan tebur. In wata ta ce "daral", ba na iya yin bugu biyun. Tsayawa nake in saurara.