Baƙo a Lungun Ubana

Kafin tafiyata Turunku, na ɗauka cewa karatu da shekaru sun wanke mini zuciya game da Baffa, ƙanin mahaifina. Na kuma ɗauka cewa zaɓen masauki magana ce ta ruwan wanka da kusanci da tasha kawai.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, ina koyar da tarihi a wata kwalejin horon malamai a Kano. Na ƙudura zuwa ganin kufan tsohon birnin Turunku, domin na gaji da karantar da ganuwar da ban taɓa dafawa ba. Dole ne in kwana a Zariya, in kama motar ƙauye da sassafe. Wani abokina a Gyallesu ya ce ɗakinsa a buɗe yake. Akwai otal-otal a Sabon Gari. Akwai kuma gidanmu na gado cikin birni, inda kowa zai zaci zan sauka.

Da mota ta ajiye ni a Ƙofar Doka, sai wata tsohuwar magana ta faɗo mini. Ina sakandare mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta gama takaba ta koma gidansu a Tukur-Tukur. Da na zo hutu, na tarar Baffa ya ba babban ɗansa ɗakin mahaifina, an cusa littattafansa a buhu. Na tambayi inda zan ajiye akwatina. Ya nuna da haɓa, ya ce, "Ai baƙo a zaure yake sauka." A gaban mutane ya faɗa, wasu har da dariya.

Na fasa Gyallesu, na shiga birni. Na wuce ƙofar gidanmu ban waiwaya ba, na yi sallama a zauren da ke kallonsa, gidan wani tsohon baduku, aminin mahaifina. Na sauke jakata kusa da fatunsa.

"Kai ɗan nan, boko ne ya ɓatar da kai? Ga gidanku can."

"Na gan shi, Baba. Masauki nake nema."

Ya daɗe yana kallona. A birni, wanda ya ajiye kaya a zaurenka ya zama amanarka, ba ka da bakin cewa ya ɗauka. "Wallahi ka iya mugunta," in ji shi, "kamar ba mutumin kirki ya haife ka ba. Zauna a kawo maka ruwa."

Ya gane abin da na shirya. Al'adar lungunmu ita ce, idan wani gida ya yi baƙo, kowane maƙwabci sai ya aiko da kwano. Baffa kuwa a lokacin ya zama dattijon da ake kira sulhu, bakinsa kullum a kan zumunci. In ya aiko da abinci, ya shaida wa unguwa cewa ɗan wansa baƙo ne. In ya ƙi, ya hana maraya abinci. Kwanuka suka yi ta shigowa, dambu da fura da alala. Na Baffa ne ya zo daga ƙarshe.

Na ci, na kuwa ji daɗinsa. Bayan la'asar, da majalisarsa ta cika, na sayi goro na tafi godiya kamar yadda baƙo yake yi. Na tsaya a bakin zauren da na koyi rarrafe a cikinsa, na yi sallama, na jira izini.

"Alhaji, mun ga abin arziki. Allah ya saka da alheri."

"Wane irin Alhaji? Ni ba Baffanka ba ne? Je ka kwaso kayanka, an share maka ɗaki."

"Ba a sauya masauki, Alhaji. Sai a ce na raina mai masaukina."

Wani dattijo ya gyara zama. "Malam, me ya raba ka da gidan ubanka?"

"Alhaji ne ya nuna mini matsayina shekarar da aka yi mana rasuwa. Ya ce baƙo a zaure yake sauka. Na ga zauren can ya fi iska."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya sunkuya yana jan carbi. Na ajiye goron a gabansa na fito.

Washegari na isa Turunku. Na bi ragowar ganuwa cikin ciyawa da duwatsu, ina tambayar kaina: don mahaifina na yi, ko don dariyar nan da aka yi mini? Har yau, ina da shekara hamsin, ban yanke hukunci ba. Na dai laluba zuciyata ko zan tarar da nadama, abin da na tarar sanyi ne.

Tun daga wannan zuwan nawa, ba a ƙara kiran Baffa sasanta rigimar gado a unguwarmu ba.