Bargon Kawu Mai Janwe

Kawuna, yayan mahaifiyata, motar janwe yake tuƙawa tun ban san kaina ba. Gajere ne, ga tumbi, ga faɗa kamar ya ari baki. Kullum da safe sai ya warware igiyar ƙarfen injin jansa a ƙofar gida, ya bi ta da tsumma sannu a hankali. In tsumman ya maƙale, to sili ya tsinke a wurin, ranar ba zai fita aiki ba ko wa ya kira shi. Matarsa ta sha cewa da ita yake lallaɓawa haka, da ta fi kowa ƙiba a unguwa.

Ni kuwa na auri mai gaggawa. Maigidana bulo yake kaiwa wuraren gini da ƙaramar motarsa, kuma ko shayi a tsaye yake sha.

Wata rana da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, motar maigida ta zame cikin kwalbati a bakin layinmu, ta kwanta da gefe da kayanta. Na fita da gudu ko takalmi babu. Shi lafiya lau, sai zagaye motar yake yana tsaki. Ni na kira Kawu.

Da ya iso bai ko gaishe mu ba. Ya sa duwatsu a tayoyin janwen, ya sa safar hannu, ya shiga taɓo har gwiwa yana neman inda zai maƙala ƙugiya. Ya ce ƙarfen gaban motar duk ya yi tsatsa, bai yarda da shi ba, amma babu wani wurin da hannu zai kai. Sai ya ɗauko wani tsohon bargo mai nauyi, baƙi ƙirin da mai, ya yafa shi a tsakiyar igiyar. 'Yan kallo suka yi ta dariya, wai ko igiyar ce ke jin sanyi.

Ya kori kowa can nesa. Maigida kaɗai ya ƙi. Ya tsaya daf da igiyar, wai zai riƙa yi wa Kawu alama da hannu.

"Baba, ai motata ce, na san ta," in ji shi.

Kawu ya kashe injin, ya harɗe hannu. "Motarka ce, amma 'yata ce za ta yi takaba. Matsa."

Kunyar suruki ce kawai ta ɗaga shi. Ya zo kusa da ni yana ƙunƙuni.

Injin ya fara naɗe igiya, motar ta ɗan ɗago. Sai muka ji ƙara kamar bindiga. Ƙarfen nan ya ɓalle, ƙugiya ta taso da shi, bargon ya danne igiyar, duka suka faɗi a taɓon da sawun maigida yake. Na zauna a ƙasa ina kuka.

Kawu ya sa aka sauke bulon, ya haƙa ƙarƙashin motar, ya ɗaura igiyar a babban ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, ya fito da ita kafin magariba.

Washegari muka je godiya. Maigida ya durƙusa, ya fara zuba godiya. Kawu ya ce mu tashi, shi ba ya son surutu. Ya miƙo mini bargon da ƙugiya ta yaga, wai tunda ina da keken ɗinki in yi masa faci.

A gida na shimfiɗa shi a tsakar ɗaki. Yagewar ta kai faɗin ƙirjin mijina. Na daɗe ina kallonta ina yi wa Kawu addu'a kafin na iya zura zare a allura.