Rigar Kawu Delmer

A bukkar farautarmu da ke bayan dutse a West Virginia akwai bango guda da ba a ganin katakonsa, duk ƙyallaye sun rufe shi. Dokar wurin ke nan tun kakanni: ka harbi barewa ka kuskure, a yanke maka ƙasan rigarka ta baya, a buga da ƙusa. Ni Dusty, nawa ƙyallayen sun isa a ɗinka bargo. Shi ya sa aka damƙa mini almakashin. Makaranta ta kore ni, garejin Burl ya kore ni, wannan muƙamin kaɗai na iya riƙewa.

Mutum ɗaya ne ba shi da ƙyalle a bangon: Kawu Delmer Stalnaker, yayan mahaifiyata.

Kawu ya shiga ramin kwal tun gemu bai fito masa ba. Bai bar ramin ba sai da rufi ya rufto ya farfasa masa kafaɗar dama, likitoci suka haɗa ta da ƙarafa. Da matarsa Wilma ta rasu sai ya zauna shi kaɗai a ƙarshen kwari, daga shi sai murhu sai bindigar ubansa, tsohuwa mai gindin katako, wadda sai ka ja ƙarfe da hannu kafin wani harsashin ya hau. Idan ya ji harbi daga wani tudu, yakan daina tauna taba ya saurara. Sai ya ce, "Harbi ɗaya, nama. Biyu, wataƙila. Uku, yau gidan nan wake za a ci."

Da muka fara zuwa da baƙaƙen bindigogin nan irin na soja, masu tashi duk lokacin da ka taɓa kunama, Kawu ya sami abin yi. Ya juya tawa a hannu kamar mushen ɓera.

"Kai sojan gona, barewar ma da tankar yaƙi za ta zo?"

"Kawu, zamani ne."

"Zamani ne ya cika bangon can da rigunanka?"

Sai tsufa ya yi masa sallama. Hannu ya fara rawa, kofi na zuba a gemu. Likita ya ce in tsohuwar bindigar ta sake shurin kafaɗar nan, ƙarafan za su saki. 'Yarsa Jolene ta zo daga birnin Columbus ta tarar da shi ya faɗi a bakin rumbun itace.

"Baba, na gyara maka ɗaki. Ba zan jira a kira ni a ce an tsinci gawarka ba."

"Wanda ke cika firizarsa da naman da ya harbo da hannunsa ba ya bukatar mai reno."

"To, cika ta bana. In ka kawo barewa da kanka, na bar ka. In ba ka kawo ba, ka shiga mota."

Ya yarda, don bai taɓa dawowa hannu rabbana ba.

Bayan kwana biyu na gan shi a ƙofarmu yana duban tayar motarsa, yana duban sama. Da ƙyar ya ce, "Wannan abin wasan naka, an ce ba ya shuri."

"Wanne, Kawu? Na sojan gona?"

"Ɗauko, kafin in ci mutuncinka gaban uwarka."

Muka jera gwangwanaye a bayan gida. Da ya ɗora bindigar a kan teburi, bai bar ko ɗaya a tsaye ba. Ya ce, "Kamar ka harbi da tsintsiya." Amma na ga ya yi murmushi.

Ranar buɗe farauta gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi. Ina tsallaken kwari, shi yana tudunsa da kowa ya sani. Hantsi bai yi ba na ji harbi ɗaya daga wajensa. Na ce a raina, nama! Ban rufe baki ba na ji wani. Da wani. Suka yi ta bin juna har na daina ƙirgawa, dutse yana maido da amsa. Duk maharbin da ke dajin nan ya ji, kuma ya san tudun wa ne.

Na same shi zaune a gindin itace, bindigar a ƙasa, ya danne hannun dama da na hagu. A daji babu teburi. Harsashin farko ya sami barewar a tumbi, ba a ƙirji ba, ta gudu. Sauran kuwa yatsansa ne ke rawa a kan kunama, bindigar tana amsa masa.

"Da tsohuwar bindigata ce, da ta jira ni," ya ce. "Wannan ba ta jira."

Muka bi jini, baƙi, haɗe da ciyawar ciki. Kawu yana tafe yana haki, ya ƙi tsayawa, don ya san irin mutuwar da ke jiran dabbar. Da azahar ruwa ya sauko ya wanke sawun.

A bukka kowa ya zama mutumin kirki, abin da ban taɓa gani ba. Burl ya ce ai laifin bindigar ne. Tsoho Harlan ya miƙa masa kofi, ya ma tashi ya ba shi kujerar kusa da murhu. Ni kuma na tura almakashin ƙarƙashin katifa. Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ina almakashi?"

"Ya ɓata, Kawu. Wataƙila ɓera ya buɗe shagon ɗinki."

Ba wanda ya yi dariya.

"Maharbi ake yanke wa riga," ya ce. "Mara lafiya ake ba kujera. Wanne kuka ɗauke ni? Dusty, ɗan banza, yi aikinka."

Na ɗauko. Ya juya mini baya ya miƙe iyakar miƙewarsa. Rigar ulu ce ja da baƙi, ta yi laushi don wanki. Kullum in zan yanka sai na yi wa mutum kirarin tsiya har ya zage ni. Ranar kuwa almakashi kawai na sa. Na yanka. Ya karɓi guduma zai buga da kansa, ƙusar ta ƙi tsayawa a yatsunsa, sai Harlan ya riƙe masa.

Bai jira ƙarshen mako ba. Shi ya kira Jolene.

Na kai masa ziyara a Columbus da bazara. Unguwar ba a harbi a cikinta, bareyi har tsakar gida suke shigowa suna cinye wa Jolene furanni. Na tarar da shi a bakin taga, wani ƙaton namiji mai ƙaho reshe-reshe yana kiwo a gabansa, in ka jefa takalmi sai ka same shi.

"Kawu, ga nama ya kawo kansa."

Bai juyo ba. Ya ce, "Kun ga ƙasusuwanta?"

"Na wa?"

"Wadda na harba."

Na ce ba mu gani ba. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kallon taga.