Rijiyar da Ba Ta Shiga Littafi Ba

A shekarar da aka rushe unguwarmu a bayan Lugbe na shiga ajin yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta fara fito mini. Malamarmu ma'aikaciyar gwamnati ce, takan zo da yamma in ta tashi daga ofis. Da hannunmu ya faɗa, ta ce kowa ya rubuta tarihin inda ya zauna, za a buga a ɗan littafi.

Na rubuta cewa mahaifina ne ya haƙa rijiyar farko a unguwar, kuma kusa da ita aka binne shi. Yanzu katangar wani ce a wurin. Burina a samu takarda ko ɗaya da ta san ya taɓa zama a can.

Malama ta karanta, ta ce, "Baba, wa ya faɗa maka?"

Na ce, "Kowa ya sani."

"Kowa ba suna ba ne. Kai da ka ce kana rarrafe ya rasu?" Ta buɗe mini ƙarshen wani littafi, ta nuna yadda ake jera madogara: sunan mai magana, shekara, wuri. "Ko hadisi sai da masu ruwaya."

Ban yi musu ba, na shiga neman shaidu. Tsohuwar da ke kawo mana nono ta rasu da damina. Limaminmu ya koma garinsu, lambarsa ba ta shiga. Saura abokin mahaifina, wani tsohon makaniki a Apo. Na same shi zaune a kan taya, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Boko da tsufa!" Ya yi dariya har da tari. "Ai ni na riƙe wa babanka igiya yana cikin ramin rijiyar."

Na zaro biro zan rubuta sunansa, sai ya dafe mini hannu.

"Ɗana, kada ka sa ni a takarda. Dubi rumfata, ita ma masu rusau sun shafa mata jan fenti."

Malama ta so a rubuta "wani dattijo". Mai tace littafin ya ce maganar rijiya da kabari a filin da yanzu ke da mai shi ba za ta shiga babu suna ba.

Littafin ya fito. Yau na iya jera madogara, har inda ake sa waƙafi na sani. Abin da ya tafi kuwa: ɗakina biyu, rijiya ɗaya, kabari ɗaya, da layi uku daga shafina.