Ranar da Muka Hana Dela da Jatau Mutuwa

Cikin ranakun da na yi a sashen wasan kwaikwayo na gidan rediyonmu a nan Abuja, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka umarce ni in ceci mutum biyu daga mutuwa. A lokacin ina ƙaramin furodusa, mataki na takwas, ina jiran a tabbatar da ni a aiki.

Wasan Dela da Jatau tsohon labari ne da muke sakawa duk damina. Dela 'yar mai tukwane ce, Jatau kuma mai kwalekwale. Ana gab da bikinsu ruwa ya kife da shi, aka tsinci kwalekwale ba mutum. Dela ta shiga kogi nemansa, ba ta fito ba. Ashe masunta sun tsamo Jatau da rai. Da ya dawo ya tarar an binne ta, ya zauna a bakin ruwa ba ci ba sha har ya bi ta. Duk shekara masu sauraro su sha kuka, su bugo waya suna mana godiya.

A shekarar aka turo mana sabon darakta daga ma'aikata. Ya kira ni ofis.

"Malam Habibu, jama'a na cikin wani hali, ku kuma kuna kashe matasa a rediyon gwamnati. A gyara ƙarshen wasan nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mutuwar ce labarin."

"Kar kowa ya mutu," in ji shi, ya jawo wani fayil.

A ƙa'idarmu, duk rubutu sai ya bi ta kwamitin tacewa kafin ya hau iska. Na kai musu ƙarshe na farko: masunta sun aiko da saƙo kafin Dela ta shiga ruwa. Wakilin sashen labarai ya ce in saƙo ya iso kan lokaci, ba wanda zai yarda a ƙasar nan abin ya faru. Na koma na rubuta cewa Dela ta iya ninƙaya, ita ta tsamo Jatau. Lauyanmu ya ce ranar da wata yarinya ta ji ta faɗa kogi, mu za a maka a kotu. Da na ce to Jatau bai ma hau ruwa ba ran nan, sai aka tambaye ni da me zan cike sauran lokacin shirin.

Sai da safen ranar wasa kwamiti ya yanke hukunci: a tsamo su duka biyun, a yi aure, a rufe da su sun tsufa cikin farin ciki. Ranar kuwa gidanmu na bikin cika shekara, wasan kai tsaye za a yi, ba naɗa ba. Babu lokacin rubutu.

Masu fitowa a Jatau da Dela su ne Baba Sale da Hajiya Rabi, tun kafin a ɗauke ni aiki. Mata da miji ne, a wasan nan suka haɗu, suna zaune a Dutse Alhaji. Na ce musu, "Baba, Hajiya, fitowar ƙarshe ku yi ta da ka. Ku nuna daɗin zaman aure kawai." Hajiya ta ce, "To." Ba ta kalli mijinta ba.

Jar fitilar da ke nuna mun hau iska ta kama. Darakta na tsaye bayan gilashi da manyan baƙinsa. Komai ya tafi daidai har aka zo tsufa. Baba Sale ya gyara murya.

"Dela, kin tuna ranar da aka tsamo mu daga kogi?"

"Na tuna. Ranar ce ta ƙarshe da ka nemi wani abu da kanka. Tun daga nan hula ma sai na nemo maka."

Ya yi dariyar dole. "Amma dai mun ji daɗin duniya."

"Kai ka ji. Ƙanenka da ya zo kwana biyu, yaransa har sun shiga sakandare a falona."

"Ke kuma 'yar'uwarki ta Karmo, wane dare ne ba ta bugo waya ba?"

Injiniya ya ɗora yatsa kan makunni yana kallona. Na kalli darakta. Baƙinsa na ta dariya, shi ma dole ya riƙa murmushi. Na girgiza wa injiniya kai.

Hajiya ta ce, "Da na sani da na bar ruwan nan ya tafi da ni."

Baba ya ajiye muryar Jatau. Sannan ya ce, a muryarsa ta gida, "Da ya tafi da ke, ni ma ba zan kai labari ba. Kin sani."

"Na sani. Ka sha maganin hawan jininka da safe?"

"Na manta."

"Yana cikin jakata."

Nan na sa aka saki kiɗan rufewa.

Wayoyi suka ɗauka. Yawancin masu kira roƙo suke a mayar da Dela da Jatau kogi. Wani ɗan kasuwa ya ce shi don ya huta da irin wannan musu a gida yake kunna rediyo. Wata tsohuwa daga Ushafa, da Hausarta ta 'yan koyo, ta ce yau ne ta yarda mutanen nan suna son juna, ta kashe waya.

Washegari na samu takardar tuhuma kan sakin wasa ba rubutu, tabbatarwata ta ƙara jinkiri. Darakta kuwa ma'aikata ta yaba masa da kawo sabon salo. Da damina ta zagayo, kwamiti ya zauna ya ce zaman Dela da Jatau yana zubar da mutuncin aure a idon matasa, don haka a kashe su kamar da. Ni na sa hannu.

Abin da na koya, ku masu tasowa, shi ne mai sauraro zai yafe maka in ka kashe masa masoya, amma in ka bar su da rai sai ka yi bayani a rubuce. Baba Sale da Hajiya Rabi suka ci gaba da mutuwa duk shekara har suka yi ritaya. In an tashi, a mota ɗaya suke komawa gida, ana jiyo musunsu tun daga bakin get.